Bidiyo zai koya maka, amma littafinka ne zai faɗa maka gaskiya



Kusan kullum sai an turo min saƙo: "Malam, na gama kallon bidiyo a YouTube, zan zuba kaji, kuma zan yi lambun tumatur da ruwan da nake zubarwa daga tankin kifi." Madalla. Ni ma ta waya nake ƙaro ilimi. FAO na da darussa kyauta a intanet, Access Agriculture kuma na da bidiyoyin noma har da Hausa.

Amma in na tambayi wanda ya riga ya fara, buhu nawa kajinka suka ci a zubin da ya wuce, sai ka ji shiru. Nan fa matsalar take.

Mai bidiyon nan a gonarsa yake magana, da yanayin garinsu da farashin kasuwarsu. Bai san zafin watan Afrilu a garinku ba, bai san nawa ka sayi buhu ba. Rubutunka ne kaɗai ya sani.

Ga misali. Kaji 100 sun cinye buhu 16 mai kilo 25, kilo 400 ke nan. Ka auna su, kowace ta kai kilo 2, jimla kilo 200. Wato kilo 2 na abinci ne ya ba ka kilo 1 na nauyi. In zubi na gaba ya kai kilo 2 da rabi, ka san akwai inda kuɗi ke zurarewa: ko abincin, ko zubewa a ƙasa, ko cuta. Wanda bai rubuta ba sai dai ya ce "bana ba sa'a."

Haka lambu. Tsutsar tumatur da ake kira sharon ta yi wa manoman Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Wanda ke rubuta ranar dashe, ranar da ya fara ganin ta a ganye, da maganin da ya fesa, shi ne malamin gona zai iya ba wa shawara mai amfani. Masu bincike ma da irin wannan rubutun suke aiki.

Kar wani ya ce sai yana da kwamfuta. Google Sheets na buɗewa a waya, in ba data kuma littafi da biro sun isa. Kowace yamma ka rubuta kwanan wata, abincin da aka ci, adadin da suka mutu, rigakafi ko magani, kuɗin da ya fita da wanda ya shigo. Minti biyar ne.

Wallahi jarin da aka tara da gumi ya fi ƙarfin a riƙe lissafinsa a ka.

To, a cikinku wa ke rubutawa? Ku faɗa mana yadda kuke yi, mu ƙaru da juna.