Sunan Cuta ma Wani Ɓangare ne na Magani

Masu iya magana na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ɗaliban koyon aikin jinya suna karanta cututtuka da Turanci, amma majinyacin da ya fito daga Sabo ta Ibadan ko kasuwar Mile 12 ta Legas da Hausa yake kokawa. A ganina, giɓin da ke tsakanin harsunan nan biyu yana iya cin rai, kuma mu ɗaliban harshe muna da hannu wajen cike shi.

Mu ɗauki hawan jini da ƙarancin jini. Duk wanda ya ji sunayen nan zai ɗauka kishiyoyin juna ne, wato ɗaya jini ya yi yawa, ɗaya ya yi kaɗan. Alhali hawan jini ƙarfin da jini ke bugun jijiyoyi ne, idan awo ya riƙa kaiwa 140/90 ko fiye. Ƙarancin jini kuwa raguwar sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini ne. Mace mai juna biyu tana iya fama da su duka a lokaci guda. Idan aka ce mata jininta ya yi ƙasa, sai ta ajiye maganin hawan jini, daga nan jijjiga na iya biyo baya.

Haka kalmar shawara. Ido ya yi rawaya, sai a ce shawara ce, a nemi saiwa a jiƙa. Amma rawayar ido alama ce kawai. Tana iya fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini, kuma kowanne da maganinsa.

Ga kuma faɗawar maɗigar jariri. Iyaye da yawa kan shafa magani a ka, alhali gudawa ce ta ƙarar da ruwa da gishirin jikin yaron. Abin da yake bukata shi ne nono da ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a garzaya asibiti.

Wasu za su ce wannan aikin likitoci ne. To, amma likita ya san cuta, mu kuma an koya mana yadda kalma ke ɗaukar ma'ana. Tun 1934 Bargery ya tattara kalmomin Hausa cikin ƙamusunsa, har da sunayen cututtuka. Me zai hana mu zauna da takwarorinmu na sashen jinya mu fitar da ɗan littafin da zai bayyana abin da majinyaci ke nufi da kowane suna, da tambayar da ya kamata a yi masa?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, ga batun kundin kammala digiri da zai amfani jama'a. Allah ya ba mu lafiya, amin.