Zancen Gida: Araha Ba Ta Ado

A wannan wata za mu yi magana a kan takardar inshorar mota, wadda yawancinmu muke saye don kada ɗan sanda ya tsare mu a hanya kawai.

Tun 1945 doka ta ce kada a hau titi da mota sai da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. Daga ran 1 ga Janairu 2023, hukumar NAICOM mai kula da inshora ta ɗaga kuɗin motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, na babur kuwa ya zama N3,000. Diyyar dukiyar da motar gida ta lalata ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka soma matsa bincike.

To, tun da hukuma ce ta yanke farashin, kamfanoni ba su da ikon karya shi don neman masu saye. Gasarsu ita ce wa ya fi saurin biya in tsautsayi ya auku. Saboda haka in wani ya tare mu a tasha ya ce zai ba mu a N4,000, mu sani jabu ce.

A ce ɗayanmu ya taso daga Ƙaura Namoda ran Alhamis za shi kasuwar Shinkafi, ko ya nufi Zurmi, sai ya buge mai babur. Wa zai biya asibiti? Takardar jabu ba ta biyan ko kwabo. Sai a sayar da hatsin gida, kuɗin makarantar yara ma ya tafi, shi kuwa mai rauni yana kwance.

Mu tuna da Basamariyen nan da Ubangiji Yesu ya ba da misalinsa, wanda ya biya kuɗin jinyar baƙon da ya tarar a hanya. Shi da bai ji wa kowa ciwo ba ke nan, balle mu da motarmu ce ta yi ɓarnar.

Mu saya wurin kamfani mai rajista, mu karɓi rasit, sa'an nan mu buga *565*11# a waya mu duba ko lambar motarmu ta shiga. Mu sani kuma, wannan inshora ba ta gyara tamu motar, ta maƙwabci ce.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.