Mu Ba Ƙannenmu Alƙalamin Tawada

Yau maganata a kan alƙalami mai shan tawada ce, wanda wasu a nan Sabo suke kira kayan tsofaffi. Ni kam da shi nake rubutu da zane in an tashi kasuwa, kuma ina ganin ya dace mu koya wa ƙannenmu riƙe shi.

Biro, wanda Laszlo Biro ɗan ƙasar Hungary ya yi wa rajista a 1938, tawadarsa kauri gare ta, sai ka danna. Shi kuwa wannan bakinsa a tsage yake kamar alƙalamin kara na makarantar allo, ta tsagar tawada ke gangarowa da kanta. Hannu ba ya gajiya, kuma dole yaro ya natsu, harafi ya fita sosai. Yaranmu da aka haifa a nan, da yawa bakinsu ya fi kama Yarbanci, ga waya ta raba su da takarda. In ba su saba rubuta Hausa da ajami da hannunsu ba, wa zai karanta wasiƙun iyayenmu da littafin bashinsu gobe?

Wani zai ce tsada. Parker ne mai tsada, Hero na ƙasar Sin ya ishe mai koyo. Sai dai kar a ɗura masa tawadar allo, ƙaron cikinta toshe shi yake yi.

Allah ya sa mu dace, amin.