Takin Alade A Gonakin Zuru: A Ci Amfaninsa, A Kare Ruwan Sha

Jama'a, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Shi ya sa a ƙasar Zuru kowa ya koma ga abin da ke bayan gidansa: mai shanu ya kwashi kashin shanu, mai kiwon aladu ya kwashi na aladu. Ban ga laifin kowa ba. Damuwata ita ce inda takin nan ke ƙarewa idan ruwan Agusta ya sauka.

Kashin alade na ɗauke da sinadarin fosfaras mai yawa, domin cikin alade ba ya iya narkar da mafi yawan wanda ke cikin dusa da hatsi. Manomi kuwa yana zuba taki ne har sai masara ta yi kore shar, alhali kafin nan fosfaras ya wuce abin da shuka ke buƙata. Ragowar sai ta maƙale a ƙasar sama. Ƙasarmu ga tudu ga gangare, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke ta zuwa rafi da madatsar ruwa. A can fosfaras ke ciyar da gansakuka, ruwa ya yi kore, ya yi wari, kifi ya rasa iska ya mutu.

Kada a ɗauka tatsuniya ce. A Agustan 2014, mutum sama da 400,000 a birnin Toledo na Amurka sun yi kusan kwana 3 ba su sha ruwan famfo ba, saboda gubar gansakukar da takin gonaki ya ciyar a tafkin Erie.

Ina roƙon 'yan uwa, kar wani ya mai da wannan zancen addini. Kashin kaji ma haka yake yi, takin NPK ma haka. A Zuru gida ɗaya za ka samu Musulmi da Kirista, kuma rafi ɗaya suke ɗiba.

Maganin ba tsada. A tara taki nesa da rafi da rijiya, a rufe shi ya ruɓe. A binne shi cikin ƙasa, kar a watsa a sama hadari na haɗuwa. A yi kunya a gicciye da gangare, a bar gamba ko jema a bakin rafi ta tare laka.

Muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a nan Zuru, ga hukumar KARDA. Kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu su nemi a riƙa auna ƙasar gonakin bakin ruwa, a turo malaman gona ƙauyuka kafin damina. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, mu tambaye shi wannan.