Ganuwar Kano Tana Bukatar Fili, Ba Suna Kaɗai Ba

Tun zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134) aka soma gina ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta. A 1959 aka sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa, sannan Doka ta 77 ta 1979 ta haramta rushe irin waɗannan gine-gine. Amma ɗalibin da ya bi gefenta yau zai ga shaguna da gidaje a inda badala take a da.

A ganina, matsalar tana gindin ganuwar. Ginin ƙasa ne. Da zarar an ɗebi ƙasa daga ƙasansa, ruwan damina zai zaizaye shi har ya zube da kansa, ba wanda za a kama da laifi. Kududdufan da ke kewayenta ma, waɗanda ake cikewa ana gini, su ne ke shanye ruwan da kan malale cikin unguwanni.

Saboda haka ya kamata hukuma ta auna wani fili a kowane ɓangare na ganuwar, ta kafa masa alamu, ta kuma hana ba da takardar mallaka a cikinsa.