Daga Ramin Atari zuwa Hatimin Nintendo: Amana Ce Jarin Wasannin Bidiyo

Kowa ya tuna bara, in ji masu iya magana, bai ji daɗin bana ba. Duk sanda hira ta biyo ta kan tsofaffin wasannin bidiyo, irin waɗanda ake cusa kaset a na'ura a jona da talabijin, sai ka ji ana yabon zamanin kamar bai haifi komai ba sai gwaninta. A ganina wannan yabo ya yi wa tarihi kwaskwarima. Zamanin ya fitar da gwanaye, ya kuma fitar da tarkacen da suka kusa binne sana'ar a Amurka. Abin da ya raba tashi da faɗuwa kuwa shi ne amanar mai saye, fiye da ƙarfin na'ura.

A 1977 kamfanin Atari ya fitar da na'urar da aka sani da Atari 2600, ta shiga miliyoyin gidaje. A 1979 wasu ma'aikatansa suka ɓalle suka kafa Activision, suna yi wa na'urar wasanni na ƙashin kansu. Nasu aikin ya yi kyau, amma ƙofar da suka buɗe ba ta da mai gadi. Kowa ya kutso, har Quaker Oats mai sayar da abincin karin kumallo ya mallaki sashen yin wasanni. Mai saye ba shi da hanyar gwada kaset kafin ya biya. Hoton kan kwali ne kawai shaidarsa, hoton kuwa sau da yawa ƙarya yake yi.

Atari ma da kansa ya shiga sahun masu gaggawa. A 1982 ya ba Howard Scott Warshaw kimanin makonni biyar ya haɗa wasan fim ɗin E.T., don kada cinikin Kirsimeti ya wuce. Sauri ya haifi nawa: kaset ya yi kwantai, waɗanda suka saya suka riƙa mayarwa. A Satumbar 1983 kamfanin ya kwashi lodin kayan da suka ƙi sayuwa ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico. An daɗe ana ɗaukar labarin almara, sai da aka tono ramin a Afrilun 2014. Cinikin wasannin gida a Amurka ya faɗo daga kimanin dala biliyan 3.2 a 1983 zuwa kimanin miliyan 100 a 1985. Rashin adalci ne a ɗora wa E.T. laifin shi kaɗai, domin karyewar farashin kwamfutocin gida irin su Commodore 64 ita ma ta janye masu saye. Sai dai tushen cutar ɗaya ne: iyaye sun daina yarda cewa abin da ke cikin kwali ya cancanci kuɗinsu.

Magani daga Japan ya zo. Nintendo, wanda ya fitar da Famicom a gida a 1983, ya kai ta New York a 1985 da sunan NES, ya kuma saka mata wani ɗan guntun lantarki mai ƙin karɓar duk kaset ɗin da bai amince da shi ba. Ya iyakance wa kowane kamfani wasanni biyar a shekara, ya buga hatimin inganci a kan kwali. Sannan ya nuna misali da Super Mario Bros. na Shigeru Miyamoto, wasan da girmansa bai wuce kilobayit 40 ba, bai kai hoto ɗaya na wayar yau ba. Don tsimin wuri, zanen gajimare da na ciyawa ɗaya ne, launi kawai aka sauya. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40. Kaset idan ya bar masana'anta ba shi da gyara, saboda haka mai aiki da hankali dole ya gama aikinsa kafin ya sayar.

Masu sukar Nintendo suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Mai gadin ƙofa yakan zama sarkinta. Kamfanin shi ke ƙera wa kowa kaset a kan farashin da ya ga dama, ya kuma hana a kai wasan wata na'ura har tsawon shekara biyu. A 1991 ya sasanta da hukumomin Amurka kan zargin ƙayyade farashi, ya amince ya raba wa masu saye takardun rangwamen dala biyar-biyar. Hatimin ma bai hana munanan wasanni fitowa ba. Duk da haka ina ganin tsaurin da ya dawo da kasuwa ya fi sakacin da ya rushe ta, muddin akwai hukumar da za ta taka wa mai gadin burki.

Da yawa daga cikinmu ba ta hannun Nintendo muka san wannan zamani ba. Kwaikwayon Famicom ne ya iso kasuwanninmu, da kaset mai alƙawarin dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Abin lura shi ne waɗanda ɓarayin fasaha suka zaɓa su kwafa: Mario, Contra, Duck Hunt. Ko mai jabu ya san inda inganci yake.

Yau rumbunan manhajar wayoyinmu cike suke da wasannin da talla ta fi wasa yawa a cikinsu, da waɗanda ake sayarwa kafin a kammala su. Masu yin su, har da matasanmu da ke shiga sana'ar, ya kamata su san cewa mai saye yana da haƙuri, amma ranar da haƙurin ya ƙare ba ya yin sallama. A 1983 haka ya tafi.