Faci Ba Abin Kunya Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi amfani da wannan fili in faɗi ra'ayina a kan wani abu da muke rainawa, wato gyaran tsohon kaya. Ku yi mini afuwa in kun ga tuntuɓe a Hausata, domin a aji na koye ta, ba a nono na sha ba.

Ina da wani bargo da kakata ta ɗinka da hannunta. Bayarabiya ce 'yar Iseyin, garin da ya yi suna wajen saƙar aso oke, kuma ba ta yar da ƙyalle. Duk ankon biki ko na suna da aka ɗinka sai ta tara ragowar, ta yayyanka, ta harhaɗa, ta sa tsohon zane a ciki don kauri, ta rufe bayan da wani. A jikinsa akwai atamfar bikin mahaifiyata, akwai rigar makarantar yayana. Tun da ta rasu da shi nake rufa, har ya biyo ni ɗakin kwanan ɗalibai.

Da hunturun bara bakinsa ya warware, ƙyallaye bakwai suka yage. Wata abokiyar zamana ta ce, "Wannan tsumma kuma fa? Ki je gwanjo ki sayi wani mana." Maganar ta yi mini ciwo, amma ban ga laifinta ba, domin yawancinmu haka muke tunani.

Da aka yi hutu na kai shi unguwar Sabo ta Ibadan, wurin wani dattijo tela. Ya jujjuya shi, ya ce, "'Yata, wannan ba aikin keke ba ne, allurar keke ƙara kece shi za ta yi. Zauna in nuna miki." Ya koya mini kada in yanke wurin da ya mutu, in ɗora wani ƙyalle a kai, in naɗe bakinsa, in bi da ƙananan ɗinki. Ya hana ni sa sabon yadi, saboda ƙarfinsa zai ja tsohon ya yage. In kuwa ya zama dole, to a fara wanke shi don kada ya zuba ko ya tsuke. Wanki da hannu a ruwan sanyi, shanya kuma a shimfiɗe a inuwa. Kwana tara na yi ina wannan aiki.

Amma babbar ribar da na ci ba bargon ba ne. Da na ce, "Baba, facin ya yi?" sai ya yi dariya ya ce iyayensu maho suke cewa. A bakinsa na ji kalmasa, wato naɗe bakin tufa a ɗinke, da basilla, babbar allura, da abawa, zare mai kauri. Shi ya bayyana mini gwado da luru, mayafan auduga na saƙar hannu. Da muka koma karatu na tambayi 'yan ajinmu, har da waɗanda Hausa ce harshensu na gida, kaɗan ne suka san maho da abawa. A nan na gane cewa kalma a hannun mai aiki take rayuwa. Ran da aka daina gyara, ran nan kalmomin gyara za su fara bin sa.

Na san wani zai ce kwana tara ba wasa ba ne, ga bargon kanti mai taushi a kasuwa. Gaskiya ne, kuma ba na cewa kowane tsumma sai an ɗinke shi. Sai dai bargon kanti bai san kakata ba. Hasali ma, ba mu kaɗai ke da irin wannan ɗinki ba. A Amurka, baƙaƙen matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin kayan aiki don maganin sanyi. A 2002 aka baje su a gidan adana kayan fasaha a Houston, a 2006 kuma aka buga hotunansu a kan sarki na wasiƙa. Mu kuwa namu muke kira tsumma.

Don haka ina kira gare mu, kafin mu jefar da abin hannu, mu tambayi wanda ya yi shi da kuma yadda ake gyara shi. Masu neman batun kundin digiri su leƙa wurin teloli da masaƙa da marina da takarda da biro tun dattijan suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai bargona yana kan gadona, da mahonsa bakwai, ba na kuma ɓoye shi in baƙi sun shigo.